Sawun Kulu a Bangon Zaurenmu

Mahaifina Zailani magini ne, kuma duk wanda ya san Riruwai kafin siminti ya ci gari ya san aikin hannunsa. Gajere ne, ba shi da jiki, sai dai tafin hannu kamar faifai, kullum a tsattsage saboda kwaɓar ƙasa. Daga Doguwa har Tudun Wada, har can Kiru, idan mai hali yana son soro na gani na faɗa, shi ake aiko wa. Zai ɗora tubali, ya jera azara, ya yi yaɓe, sannan tun ƙasar tana ɗanya ya zauna ya fitar da zane da yatsunsa da wani guntun cokali. Yakan yi dagi da takobi da allo, in mai gidan ɗan gayu ne har keke ko agogo ya yi masa. Ni ne ɗansa na huɗu, Kamilu, wanda aka sa a boko, kuma ni na aikata abin da zan faɗa a nan. Gara in faɗa da bakina, tun da dai babu wanda bai sani ba a garin.

Baba mutum ne da ba ya son gaggawa a aiki. Kafin ya yarda da ƙasa sai ya ɗebi kaɗan ya ɗanɗana da harshe, ya tofar, sannan ya ce a haƙa ko a bari. In aka kwaɓa sai ta kwana uku a rufe da ciyawa, ko mai gidan zai yi ta zarya yana tsaki. An taɓa yin wani alhaji a Tudun Wada da ya matsa masa a gama kafin ya dawo daga Makka, Baba ya ce masa, "Alhaji, ƙasar ba ta san ka biya kujera ba." Ya tattara cokalinsa ya hau mota ya dawo gida, sai da aka biyo shi da ban haƙuri. Innarmu Zubaida takan ce da a ce yana lallashin mutane rabin yadda yake lallashin laka, da tuni mun yi bene.

Zanen da ya fi ji da shi ba a gidan kowane alhaji yake ba, a cikin zaurenmu yake. Babu dagi a ciki, babu takobi. Labarin kakarsa ce ta wajen uwa, Kulu, wadda ta gudo daga bauta.

Baba ya san ta, domin ya kai shekara goma sha uku kafin ta rasu. Ya ce tsohuwa ce mai tsokana, tana kiransa maigidanta marar kawo cefane, kuma a idon sawunta na hagu akwai tabo da ya zagaye ƙafar, fari fat. Tun tana yarinya mahara suka kamo ta daga duwatsun kudu, aka kai ta wani rinji a wajen Bebeji, wato ƙauyen da ake tara bayi su yi wa ubangidansu noma. Sunan Kulu ma a can aka laƙa mata. Ta yi gudun farko aka kamo ta, aka sa mata mari na ƙarfe a ƙafa biyu. Wata biyu ta yi tana goga mahaɗin marin da ɗan dutsen niƙa duk sanda aka bar ta ita kaɗai da aikin gari, har ya tsinke. Zoben dama ya fita, na hagu ya ƙi. Sai ta naɗe shi da tsumma don kada ya yi ƙara, ta jira dawa ta yi tsawon da za ta ɓoye mutum, ta shiga cikinta ta nufi kudu.

A rana ta uku ta isa kogi, masu nemanta suna bin sawunta a cikin laka. A mashigi ta tarar da Fulani za su haye da shanu. Wata Bafulatana ta dubi ƙafarta, ba ta tambaye ta komai ba, ta ɗora mata ƙwarya a ka, ta tura ta tsakiyar garke. Kulu ta riƙe wutsiyar saniya ta haye, kofatai suka tattake sawunta gaba da baya. Daga nan ta ratsa daji tana cin ɗinya da kanya, kwana tara cif kafin ta ga duwatsun Riruwai. Wani maƙeri Umaru ya ɗora ƙafarta a kan uwar maƙera ya raba zoben, ya mayar da ƙarfen lauje ya ba ta. Daga baya ya aure ta, su ne suka haifi kakata.

Baba bai yi zanen ba sai shekarun da aka datse kogi a Tiga. Ya je can yana gina wa ma'aikata ɗakuna, kuma a gabansa ruwa ya riƙa hawa har ya shanye mashigin da tsofaffin wurin suka nuna masa cewa nan Fulani suke hayewa a da. Ya dawo gida kwana biyu bai ci abincin kirki ba. A rana ta uku ya kwaɓa jar ƙasa, ya rufe zauren da tabarma, ya hana kowa shiga sati uku.

Bai zana mutum ba, saboda ba ya son malamai su ce ya yi gunki. Sawu kawai ya yi. Daga ƙofar waje, a bangon dama, akwai shingen rinji, sai zangarniyar dawa, sai sawun ƙafa biyu suna tafe, ta hagu da zobe. Sai layi uku masu lanƙwasa, kogi ke nan. A nan sawun yake ɓacewa cikin kofatan shanu, tari guda, sai can gaba ya sake ɓullowa tsakanin itatuwa. Sannan duwatsu, sannan uwar maƙera, sannan zoben a buɗe. A bakin ƙofar shiga cikin gida sai ƙafa biyu a jere, a tsaye, babu komai a jikinsu. Duk zanen ya yi shi daidai inda hannun mutum zai kai in yana tafiya, saboda haka wanda zai shiga gidanmu tare da Kulu yake shiga. Baba ba ya wucewa bai ja yatsunsa a kai ba tun daga shinge har ƙafafun nan biyu. Mu ma muka taso muna yi, har tudun zanen ya yi santsi yana ƙyalli. Bayan kowace kaka biyu yakan jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, ya sake shafe shi.

Ban san akwai abin kunya a bangon ba sai da na shiga sakandare. Na kawo wani abokina gida, Baba ya zaunar da shi ya ba shi labarin tiryan-tiryan, yana nunawa da yatsa, yana murna ya samu sabon kunne. Kafin sati ya zagayo duk ajinmu sun daina kirana Kamilu, sai Ɗan Mari. Tun daga ranar na daina taɓa bangon, in zan shiga gida sai in zuba hannuwana a aljihu. Baba ya lura.

Na gama karatu, na yi shekaru ina koyarwa a firamare, na yi aure, na yi 'ya'ya, har na fara furfura a gemu. Sai abokai suka hure mini kunne in fito takarar kansila a mazaɓarmu. Na fito, kuma abin ya karɓu, fostata har jikin shagon mai shayi. Ana saura wata biyu zaɓe, wani daga cikin magoya bayan abokin takarata ya shigo zaurenmu kamar mai gaisuwa, ya ɗauki hoton bangon da waya. Washegari hoton ya zaga wayoyin garin, an rubuta a ƙasansa: "Gidan ɗan takara ke nan. In ya ci a sa masa mari, kada ya gudu da kujerar, abin gado ne." Na je sallar la'asar na ga samari suna kallon waya suna ƙunshe dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Da na dawo na samu Baba a zaure yana jan carbi. A lokacin idonsa ya fara dushewa, sai ka zo kusa yake gane ka. Na durƙusa na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Baba, da za ka yarda da an ɗan gyara zauren nan. Manyan jam'iyya za su zo taro, kuma ka ji abin da ake ta yawo da shi."

Ya ce, "Na ji. Shitu ya karanta mini."

Shitu tsohon yaronsa ne na gini, yanzu shi ma dattijo ne mai jikoki, amma har gobe Maigida yake kiran Baba.

Na ce, "To ka gani, Baba. Ana yi da mu."

Ya ajiye carbin a cinyarsa ya ce, "Kamilu, kai da ka yi boko, faɗa mini. Tsakanin wanda ya sa marin da wadda ta cire shi, wa ya kamata jikansa ya ji kunya?"

Na ce, "Wanda ya sa, Baba."

Ya ce, "To, Allah ya yi maka albarka. Tashi ka je ka yi kamfen ɗinka."

Na tashi. Na san amsar da na ba shi gaskiya ce, na san ta tun kafin ya tambaya, kuma wannan ne ya fi damuna a yau. Ba jahilci ne ya sa ni ba. Tsoron dariyar samari ne kawai, ni da nake da ɗa sa'ansu.

Bayan kwana goma ƙanwata Bushira ta zo ta tafi da Baba Kano a duba idonsa, aka ce zai yi sati biyu a can. Motarsu ba ta kai Doguwa ba na aika a kira mini Shitu. Na ce masa ina so a yi wa zauren filasta da siminti, a shafa fenti, Baba ya dawo ya tarar da wuri fes.

Shitu ya dube ni ya dubi bangon. Ya ce, "Maigida ya sani?"

Na ce, "Na yi masa maganar." Ban yi ƙarya ba, kuma ban faɗi gaskiya ba.

Ya ce, "Malam Kamilu, ni na miƙa masa ƙasar wannan aikin da hannuna, ba a haife ka ba. Ka nemi wani, ni dai ba da ni ba." Ya sa takalminsa ya fita, ko sallama bai yi mini ba.

Sai na ɗauko magina daga wani gari, waɗanda ba su san Zailani ba balle Kulu. Inna ta leƙo ta ga buhunan siminti ta ce, "Kamilu, me za a yi?" Na ce gyara ne, Inna, ruwa yana cin gindin bango. Ta tsaya ta dube ni ɗan lokaci, irin kallon da take yi mini ina yaro in na ce ba ni na sha nonon ba, sannan ta koma ciki.

A zuciyata na shirya abin da zan kare kaina da shi. Cewa nake za a rufe zanen ne kawai, yana nan a ƙarƙashi, bayan zaɓe a ɓamɓare simintin ya fito. Da wannan tunanin na kwana lafiya. Amma da safe babban maginin ya ƙwanƙwasa bangon da cokali ya ce, "Yallaɓai, siminti ba zai kama wannan ba. Ga tudu ga kwari, ga makuba ta sa shi santsi. Sai an sassaƙe shi ya zama daidai, a kafa ƙusoshi da waya, sannan a watsa."

Ni ɗan magini ne da ya tashi cikin laka, na san haka tun farko, na dai ƙi tunawa ne. A nan ya kamata in ce su kwashe kayansu. Wayata ta yi ƙara, shugaban kamfen ne yana tambaya ko wurin taro zai kammala kafin Asabar. Na rufe bakin wayar da hannu na ce wa maginin, "Ku sassaƙe."

Na fita waje na tsaya ƙarƙashin darbejiya ina ta magana a waya, ina ɗaga murya don kada in ji ƙarar diga. Ina ji duk da haka. Aikin da Baba ya yi a sati uku, kafin azahar sun gama da shi. Ɓaraguzan suka cika baro huɗu, maginan suka tambaye ni inda za a zuba. Dama akwai wani rami da ruwan damina ya zaizaye daidai ƙofar gidan, direbobi suna ta ƙorafi ba a iya matsowa da mota. Na ce su cike shi da su, su daddaɓe.

Ranar Asabar manya suka zo, motocinsu suka tsaya har bakin ƙofa. Zauren ya sha fenti ruwan madara, na rataya fostata a tsakiya. Wani daga cikinsu ya shafa bangon ya ce, "Kai, Honorabul, ka iya gyara." Na yi dariya na ce sai a hankali.

Baba ya dawo ranar wata Laraba da hantsi. Likita ya ce hawan jinin ido ne, an makara, ɗan ganin da ya rage ma ya tafi. Bushira ta fito da shi daga mota tana riƙe da hannunsa, ya rame, hularsa ta yi masa yawa. Na tare shi na gaishe shi, ya shafa kaina ya tambayi yara da kamfen. Bushira ba ta san komai ba.

Da suka taka dokin ƙofa sai ya zare hannunsa daga nata ya ce, "Sake ni, Bushira. Daga nan ba na bukatar ɗan jagora, Kulu za ta kai ni ciki." Har da ɗan murmushinsa.

Ya miƙa hannun dama inda shingen rinji yake. Yatsunsa suka sauka a kan siminti. Ya ɗaga hannun sama kaɗan, ya sauke shi ƙasa kaɗan, kamar yana zaton shi ne ya yi kuskuren wuri. Bushira ta ɗaga kai ta ga bangon, ta toshe bakinta da mayafi. Baba bai tsaya ba. Ya ci gaba da tafiya a hankali yana jan tafinsa, ya wuce inda dawa take, ya wuce kogi, ya wuce kofatai. A wurin uwar maƙera ya ɗan dakata, ya kai hancinsa kusa da bangon ya shaƙi warin fenti. Sannan ya ƙarasa har ƙofar ciki, ya durƙusa da kyar ya laluba inda ƙafafun nan biyu suke tsayawa. Ni ina tsaye a bayansa kamar an dasa ni.

Ya ce, "Kamilu."

Na ce, "Na'am, Baba."

"Rufewa aka yi ko sassaƙewa?"

Magini ne, hannunsa ya riga ya gaya masa. So yake ya ji daga bakina. Na ce, "Sassaƙewa aka yi, Baba."

Ya gyaɗa kai. Na so ya zage ni, na so ya ɗaga sandarsa, wallahi da ya fi mini sauƙi. Sai ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Kwana tara tana gudu, da dawakai da karnuka ba a kama ta ba. Ashe a zauren jikanta za a kama ta." Ya dafa bango ya miƙe. "Ina kuka kai ta?"

Na ce, "An cike ramin ƙofar gida."

"Wanda na tako yanzu?"

Na ce, "Eh, Baba."

Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya miƙa wa Bushira hannu, ta ja shi suka shiga ciki.

Na ci zaɓen, da rata mai yawa ma. Daga baya na ji cewa hoton nan ƙuri'u ya ƙara mini, domin mutane da dama a garin kakanninsu da irin wannan ƙafar suka zo, ba sa faɗa ne kawai. Wata tsohuwa ta tare ni a kasuwa ta ce ta zaɓe ni ne saboda bangon Zailani, wai in ta samu lafiyar ƙafa za ta kawo jikokinta su gani. Na ce mata Allah ya kawo ta lafiya, na wuce da sauri.

Na roƙi Baba gafara, ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe ɗin. Na ce zan sa a ɓamɓare simintin a yi sabon yaɓe, shi ya riƙa faɗa Shitu yana zanawa. Ya ce, "To, in za a fara, faɗa mini sawu nawa ne daga dawa zuwa kogi." Na yi shekara arba'in ina wucewa ta gaban bangon nan, na kasa. Ya ce, "Bar shi, Kamilu. Fentin ma yana da kyau, an ce."

Bai sake zama a zauren ba. Yakan sa a shimfiɗa masa buzu a ƙarƙashin darbejiya, a nan yake karɓar gaisuwa. Kuma bai sake taka cikon ƙofar gidan ba. In zai fita masallaci, yana sauka daga dokin ƙofa sai ya manne da katanga ya bi gefe, ta wata siririyar hanya da ba ta fi taku ɗaya ba, kafaɗarsa tana gogar ƙasa, har ya wuce wurin sannan ya miƙe. Shekara biyu yana haka, sau biyar a rana, har rigunansa duk suka yi jar kafaɗa. Maƙwabta suna gani, babu wanda ya taɓa tambaya, domin kowa ya san dalili.

Ya rasu bara bayan kaka. Aka yi masa wanka a cikin gida, aka sa shi a makara, aka ratsa da shi ta zauren mai fenti. Shitu ne a gaba ta hannun dama. Da suka fito bakin ƙofa, ga fili shimfiɗe a gabansu, sai Shitu ya karkata ya manne da katanga. Sauran masu ɗauka suka bi shi ba tare da an ce musu komai ba, suka karkace makarar da kyar suka wuce da ita ta gefe. Jama'ar da ke biye, ɗaya bayan ɗaya, duk suka bi ta nan.

Ni na fito a ƙarshe. Na tsaya a kan dokin ƙofa, gawar mahaifina tana yin nisa, na rasa inda zan sa ƙafata.